Mai ciki, ki kula da ƙwayoyin hanjinki: su ma suna rainon jaririn

Aikina karɓar haihuwa ne a nan cikin birnin Kano, kuma abin da nake yawan jan hankalin mata a kai ranar awo shi ne hanji. A cikin hanjin kowace mace akwai ƙwayoyin bakteriya bila adadin, yawancinsu masu amfani. Su kansu ba sa kai wa ga jariri, amma idan suka narkar da abinci mai dusa da ganye suna fitar da wasu sinadarai da ke shiga jinin uwa, su ratsa mabiyiya, su fara horar da garkuwar jikinsa tun yana ciki. A 2016 masu bincike a birnin Bern na Suwizalan sun gwada haka a kan ɓeraye: uwar da aka sa wa ƙwayoyin lokacin da take da ciki ta haifi 'ya'ya masu ƙarin ƙwayoyin garkuwar jiki a hanjinsu. Ɓera ba mutum ba ne, na sani. Amma abin da binciken ke nunawa ba ya cin kuɗi.

Ki fara da tukunya. Tuwon dawa ko gero wanda ba a surfe shi tas ba ya fi farar shinkafa da taliya kullum. Ki yawaita wake da ɗanwake, miyar kuka ko kuɓewa da daddawa, kwaɗon zogale da na rama. Ganye yana da sauƙin kuɗi a kasuwar 'Yankaba, sai dai a wanke shi da kyau, don ba kowane lambu ake ba ruwa mai tsabta ba. Maigida, wannan cefanen naka ne, ba lemon kwalba da biskit ba.

Kindirmo yana da kyau, da sharaɗin an tafasa madarar kafin ta kwana. Ki tambayi mai nonon. Idan ta fara kame-kame, ki haƙura. Ɗanyen nono na iya ɗauke da cutar da ke zubar da ciki.

Inda na fi damuwa shi ne kemis. Mace ta ji ɗan murɗa ko mura, sai ta aiki yaro ya sayo mata kafso ja da yalo guda biyu a ƙullin leda, ta haɗiye da ruwan randa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wannan ba ya tantance na kirki da mugu, share hanji yake yi kamar gobara a rumbu. Shi wannan ja da yalon ma yana ɓata haƙoran jariri tun kafin su fito. Idan likita ne ya rubuta miki, misali don ciwon sanyi na fitsari, ki shanye shi duka, domin barin cutar ya fi haɗari. Haka nan ki bar matsi da wanke gaba can ciki da sabulu. Wurin yana da nasa ƙwayoyin masu tsare shi, kuma da su jariri zai fara haɗuwa a hanyar fitowarsa.

Ki riƙe awo, ki karɓi allurar rigakafin tetanus. Kariyar da jikinki ya haɗa tana wucewa ga jariri, musamman a watanni ukun ƙarshe. Da kin sauka kuma, a sa miki shi a nono cikin awa ɗaya. Ko da kakarsa ta ce a matse dakashin a zubar, ki lallashe ta, ki ba shi ya sha.