Littattafan zaɓe a laburaren Amurka: daga ina baƙo zai fara?

Wanda ya sauka Amurka a shekarar zaɓe zai tarar da allunan 'yan takara kafe a ƙofar gidaje, yaransa kuma suna dawowa daga makaranta da tambayoyin da ba shi da amsarsu. Shawarata ga irin wannan baƙo ita ce ya nufi laburaren unguwarsu, ya karɓi katin aron littafi, wanda kyauta ake bai wa mazauna yankin, sannan ya ajiye girman kai ya fara da sashen yara. A yawancin laburaren gwamnati ana jera littattafai bisa lambobi, kuma abin da ya shafi zaɓe da jam'iyyu yana ƙarƙashin lamba 324.

Amfanin littafin yara shi ne marubucinsa ba ya ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san komai. Littafin manya zai ambaci wakilan da ke zaɓen shugaban ƙasa ya wuce abinsa, shi kuwa na yara sai ya shimfiɗa taswira, ya rubuta wa kowace jiha adadin wakilanta, Kalifoniya 54, ƙananan jihohi uku-uku, har jimilla ta kai 538 idan an haɗa da uku na babban birnin ƙasar, ya kuma nuna cewa sai ɗan takara ya tara 270 kafin ya yi nasara. A nan ne mutum zai gane cewa wanda ya yi rinjaye a jiha yana kwashe wakilanta duka, in ban da Maine da Nebraska, kuma abin da ya sa ke nan a 2000 da 2016 wanda ya fi yawan ƙuri'un jama'a bai hau mulki ba. Uwa ko uban da ya zauna da ɗansa bayan sallar isha'i suna bin taswirar da yatsa zai ƙaru da ilimin, ya ƙaru da Turancin ma.

Wani kaso mai tsoka na waɗannan littattafai tarihin neman 'yancin jefa ƙuri'a ne, kuma shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. A 1870 aka gyara kundin tsarin mulki don hana tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fata, amma jihohin kudu suka ɓullo da harajin zaɓe da jarrabawar karatu, suka ci gaba da korar baƙaƙen fata daga rumfunan zaɓe kusan shekara ɗari. Mata sai a 1920 suka samu nasu a faɗin ƙasar. Ranar 7 ga Maris, 1965, 'yan sanda suka far wa masu zanga-zangar lumana a kan gadar garin Selma da ke jihar Alabama a kudancin ƙasar da kulake da hayaƙi mai sa hawaye, suka fasa kan wani matashi mai suna John Lewis, wanda daga baya ya daɗe a majalisar wakilai. Cikin watan Agusta na wannan shekara Shugaba Lyndon Johnson ya sanya hannu kan dokar kare 'yancin zaɓe. Yaro baƙar fata da ke tasowa a ƙasar yana da haƙƙin sanin wannan, sai dai wasu hotunan suna da tayar da hankali, don haka iyaye su fara duba littafin kafin su miƙa wa ƙaramin yaro.

Littattafan manya suna bukatar taka-tsantsan, domin da yawansu an rubuta su ne don kare ra'ayin wani ɓangare, musamman kan batun nuna katin shaida a rumfar zaɓe da shata mazaɓu. A karanta biyu masu saɓa wa juna. A kuma duba shekarar bugu, tunda hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 ya soke wani muhimmin sashe na dokar 1965, jihohi da dama kuma sun sauya ƙa'idojinsu tun daga lokacin.

Akwai abin da littafin yara kan taɓa sama-sama, alhali shi ya fi shafar sabon zuwa. Littafin zai yi ta kwaɗaitar da kowa ya fita ya jefa ƙuri'a, amma a zaɓen tarayya ɗan ƙasa kaɗai ke da wannan dama, kuma sai ya cika shekara 18. Mai katin zama na dindindin ba ya ciki, komai daɗewarsa da biyan haraji. Tun bayan wata doka ta 1993, ofisoshin lasisin tuƙi suna tambayar mutum ko yana son rajistar zaɓe, kuma baƙon da ya ce yana so ko ya sa hannu cikin gaggawa yana iya rasa damar zama ɗan ƙasa, har ma a tasa ƙeyarsa. Idan aka miƙo takardar, ya karanta kowane layi a tsanake, ya gaya wa ma'aikacin a fili cewa shi ba ɗan ƙasa ba ne tukuna.