Yadda za ka gyara kod ɗin da ke rikita ɗigo biyu da ɗigo uku a Git

Masu koyon kod a nan Kano, ko ɗaliban BUK ne ko samarin da ke haɗa wa 'yan kasuwa ƙananan manhajoji, da yawansu suna rubuta ɗan sikirif na Python da zai karɓi abu kamar `v1.0..main` ya zayyano kwamit ɗin da aka yi tsakani, wato sauye-sauyen da aka adana a Git, manhajar da ke riƙe tarihin kod, don a nuna wa oga aikin sati. Mafi yawa kuma da `split("..")` suke raba shi, shikenan. To wlh a wannan layin matsalar take kwance, kuma tana damuna saboda wani lokacin ba ta yin ihu, amsar ƙarya kawai za ta ba ka.

Ka fara fahimtar abin da Git ke nufi. `A..B` shi ne kwamit ɗin da ke cikin B amma babu su a A, daidai yake da ka rubuta `^A B`. Shi kuwa `A...B` mai ɗigo uku yana kawo waɗanda ke ɗaya daga cikin rassan biyu amma ba a duka biyun ba, wato abin da kowanne ya yi tun daga inda suka rabu. Yanzu ka ba sikirif ɗinka `v1.0...main` ka gani, zai fito da `v1.0` da `.main` da ɗigo manne a gaba, Git ya ce bai san wannan suna ba. Nan sai wani ya yi dabara ya sa `strip(".")` ya share ɗigon, kuskuren ya ɓace, kowa ya yi murna, alhali yanzu an tambayi ɗigo uku ana ba da amsar ɗigo biyu, duk kwamit ɗin ɓangaren hagu sun salwanta daga rahoto ba wanda ya sani.

Kafin ka taɓa komai, ka sa matsalar ta bayyana a gabanka. Wannan ba ya cin data ko kaɗan, `git init` a sabuwar folda, kwamit biyu a main, ka buɗe sabon reshe ka ƙara ɗaya, ka dawo main ka ƙara wani. Rassa sun rabu kenan. Sai ka rubuta gwaji wanda ke kwatanta abin da kod ɗinka ya fitar da abin da `git log --oneline` ya fitar, ka tabbata gwajin ya faɗi tukuna. In bai faɗi ba, to ba matsalar yake gwadawa ba.

Kuma kar ka tsaya a ɗigo uku kaɗai dan Allah. Ka saka `main..` da `..main`, domin ɓangaren da aka bari fanko HEAD yake nufi, wato kwamit ɗin da kake kai yanzu, ba kuskure ba ne. Ka saka `..` shi kaɗai, wanda `git log` ke ɗauka a matsayin foldar sama. Sannan `HEAD:../fayil.txt`, nan ɗigon biyu hanyar fayil ce ba zangon kwamit irin `A..B` ba, haka ma `:/` da ake neman kwamit da shi ta cikin saƙonsa, saƙon zai iya ƙunsar ɗigogi. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne sunan reshe ko tag ba zai taɓa ɗaukar ɗigo biyu a jere ba, `git check-ref-format` ya hana, don haka `v1.0` lafiya lau yake.

Gyaran iri biyu ne. In dole sai ka raba da kanka, nemo `..` na farko, duba harafin da ke biye, in ɗigo ne to mai uku ne ka tsallake shi ka riƙe alamar hakan, ka cike fanko da HEAD, in ɓangarorin ba su zama kwamit na gaske ba ka koma ka gwada rubutun gaba ɗaya a matsayin abu guda. Kusan haka `handle_dotdot` ke yi a cikin `revision.c` na Git ɗin kansa.

Amma ni shawarata ka bar wa mai abu abinsa. Git yana nan tun 2005 da Linus Torvalds ya fara shi, duk waɗannan lunguna an riga an bi su. Kira `git rev-parse A..B` zai ba ka layi biyu, lambar B sai lambar A da `^` a gabanta, mai ɗigo uku kuma ya ba ka rassan biyu sannan mahaɗarsu, wato kwamit ɗin da suka rabu a kansa, da `^`. Ka miƙa waɗannan ga `git log` kai tsaye. In rubutun daga hannun wani yake zuwa, ka sa `--end-of-options` gabansa, wanda ya shigo a Git 2.24 a 2019, kar wani ya turo abu mai farawa da `-` a ɗauke shi umarni, ka kuma rufe da `--` saboda ranar da fayil da reshe za su yi suna ɗaya.

Abu ɗaya da ke kada mutane bayan gyara, `git diff` ba ya karanta ɗigogin nan kamar `git log`. A wajensa `A..B` daidai yake da `A B`, shi kuma `A...B` kwatanta B yake da mahaɗar rassan. In sikirif ɗinka na kiran su biyun, kowanne ka rubuta masa gwajinsa daban, sai ka sake gudanar da duka kafin ka tura.