Yadda za ka kula da bayanka a neman abincin Ikko

Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Mile 12 da asuba, lokacin da ake sauke buhunan albasa da kwandunan tumatir daga motocin Arewa, ya san da baya mutanenmu ke neman abinci a garin nan. Ɗan dako na ɗauka, mai Keke Napep na zaune cikin cunkoso, tela da ɗan canji na kan benci tun safe. Da dare kukan kowa ɗaya ne: ƙugu ya riƙe.

Fara gyara ɗaukar kaya, don nan ɓarnar ta fi yawa. Kada ka sunkuya ƙafafu a miƙe ka finciko buhu. Matso dab da shi, ka ware ƙafa, ka tsuguna, ka rungumo shi jikin ƙirjinka, sannan ka tashi da ƙarfin cinya. In za ka juya, ɗaga ƙafa ka juya gaba ɗaya, kar ka murɗa ƙugu kaya na hannunka. Buhun shinkafa kilo 50 ne, kuma cewa "ɗan'uwa, kama mini" ba ragwanci ba ne. Raina yana ɓaci in na ga samari na gasar ɗaukar biyu a tashi guda, alhali akwai iyali a gida da ke jiran abin da bayan nan zai kawo.

Mai aikin zama kuwa, ka miƙe duk bayan rabin awa, ko taku goma ne ka yi. Cire walat daga aljihun baya, ka naɗe ƙaramin tawul ka tokare ƙugu da shi.

Ranar da bayan ya riƙe, kar ka shimfiɗe kwana da kwanaki. Tafiya a hankali da gashi da tsumma mai ɗumi sun fi kwanciya amfani. Ka yi hattara da haɗin ƙwayoyin masu talla. Diclofenac da ibuprofen, in aka dinga sha kullum, balle ciki babu komai, suna jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. Tramadol kuma in ta kama mutum, rabuwa da ita sai an sha wuya.

Sai hasken rana. Wasu ɗakunan haya a Agege da Idi-Araba duhu gare su, wani ko taga babu. Rana na fitowa wajen ƙarfe 7 a Legas. Fita ka taka minti 15 zuwa 20 a fili, domin hasken safe ne ke saita wa jiki lokacin barci. Da dare hasken waya yana jinkirta melatonin, sinadarin da ke kawo barci, kuma wanda bai yi barci ba ciwo ya fi cinsa. Ajiye wayar awa guda kafin kwanciya. Mai gadin da ke barcin rana ya rufe taga da labule mai kauri.

Abinci ma da hannunsa. Shayi mai kauri da sukari, burodin Agege, ga Indomie da ƙwai ƙarfe 12 na dare, su ke tara tumbi, tumbi kuma ƙugu yake ja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kar ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma har da na cikin dunƙule ake lissafi. Ganye da 'ya'yan itace kuwa, aƙalla giram 400. Wake, alayyahu, ganyen ugu, lemo da gwanda duk suna bakin hanya. Ka riƙe ruwan sha kusa, zufar Ikko ba ta wasa.

Amma in ƙafa ta fara mutuwa ko rasa ƙarfi, fitsari ko bayan gida ya ƙwace maka, ciwon ya zo da zazzaɓi, ko ya biyo bayan faɗuwa, to kar ka tsaya gashi. Tafi babban asibitin gwamnati mafi kusa, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba, a ranar.