Yadda Ake Tsara Cefanen Kayan Lambu Don Kada Su Yanke, Kada Kuma Su Ruɓe

Gidaje da yawa suna fama da matsala biyu a cikin mako guda. Ranar da aka dawo daga cefane firij ya cika maƙil, da ƙyar ake rufe shi. Kafin kwana biyar ganye ya yi baƙi, tumatir ya fara tsiyayar da ruwa, abin da ya rage mai kyau sai albasa. Daga nan sai a shiga tambaya: kullum ya kamata a riƙa fita sayayya, ko sau ɗaya a mako ya wadatar? Abin da ke yanke wannan hukunci shi ne kayan da ya fi saurin lalacewa a cikin waɗanda gidanku ba ya iya kwana biyu bai ci ba. Idan kun gano shi, ranakun cefane za su fito da kansu.

Asarar da ake yi a nan ba ƙarama ba ce. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a shekarar 2022, kuma kashi 60 cikin 100 daga cikin gidaje ya fito, kimanin kilo 79 ga kowane mutum a shekara. Gidajen talakawa ma suna cikin lissafin, don rahoton bai sami wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da masu matsakaicin ƙarfi ba.

Mataki na farko: ku san yawan abin da gidan ke ci

Ana cewa ido ba mudu ba amma ya san ƙima. A wajen kayan lambu kam, ido yakan yi zari, musamman idan kayan sun yi kyau kuma sun yi araha. Don haka a fara da lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa kowace rana, ban da dankali da rogo da sauran saiwoyi masu sitaci. Ga yara kuma, jagorar da ta fitar a 2023 ta ce giram 250 ga ɗan shekara 2 zuwa 5, giram 350 ga ɗan shekara 6 zuwa 9, daga shekara 10 kuma daidai da babba. Gidan da ke da manya biyu da yaro ɗan shekara 8 da ƙanwarsa 'yar shekara 4 yana buƙatar kilo 1.4 a rana ke nan, wato kilo 9.8 a mako, kafin a ƙara nauyin ɓawo da ƙwallo da ake zubarwa.

Wannan shi ne abin da ya kamata. Abin da ake ci a zahiri kuwa sai kun duba. Ku ɗauki mako guda kuna rubuta abu biyu a takarda ko a waya: abin da ya ƙare kafin lokacinsa, da abin da aka zubar. Jerin na biyu ya fi amfani. Idan latas ya bayyana a cikinsa, to ko dai kun sayi fiye da ƙima, ko kuma kun saye shi kwanaki kafin ranar da ake buƙatarsa.

Mataki na biyu: ku raba kayan gwargwadon tsawon ransu

Kayan lambu ba sa mutuwa ranar da aka cire su daga gona. Suna ci gaba da numfashi, suna ƙone sukarin da ke jikinsu, suna fitar da ruwa, kuma ba su da saiwar da za ta mayar musu da abin da suka rasa. Zafi ne ke gaggauta lamarin: duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yakan ninka saurin numfashin sau biyu zuwa uku. Ganye mai faɗi da laushi yana rasa ruwa nan da nan. Albasa kuwa da busasshen ɓawonta, ko kabewa da kaurin fatarta, sun zo da rigar kariyarsu.

Bisa wannan, kayan sun kasu kashi uku. Akwai na gaggawa, waɗanda ake ci cikin kwana biyu zuwa huɗu: alayyahu da latas da sauran ganye masu laushi, kuɓewa, naman kaza, masara ɗanya, ayaba da fiya da gwanda da suka riga suka nuna, da duk wani abu da aka yanka. Akwai na tsakiya, masu iya kai mako ko su ɗan wuce: tumatir, tattasai, kokwamba, koren wake, inabi, abarba, kankanar da ba a fasa ba. Sai masu haƙuri, waɗanda ke yin makonni: kabeji da karas da tuffa da lemu a firij, albasa da tafarnuwa da dankalin turawa da kabewa a wuri busasshe mai iska.

Waɗannan kwanaki na gidan da ke da firij ne. Inda babu shi kuma ana zafi, kashi na farko ya koma kwana ɗaya ko biyu, na tsakiya kuma kwana uku zuwa huɗu. Irin su albasa da tafarnuwa da kabewa ne ba su damu ba.

Mataki na uku: ku tsayar da ranaku

Ga yawancin gidajen da ke da firij, tsarin da ya fi dacewa shi ne babban cefane sau ɗaya a mako, da ƙarami guda bayan kwana uku ko huɗu. A babban cefane ake ɗauko na tsakiya na mako guda, da na gaggawa na kwana uku kacal. Ƙaramin kuwa na ganye ne da 'ya'yan itacen da suka ƙare, abu uku ko huɗu, a shiga a fita. Masu haƙuri ba sai kowane mako ba. Sau ɗaya a mako biyu, ko ma a wata ga albasa da tafarnuwa, ya isa.

Cefanen kullum yana da masu yabonsa, kuma gaskiya shi ya fi ba da kaya sabo. Ga wanda ba shi da firij, ko wanda mai sayarwa ke kan hanyarsa ta dawowa daga aiki, shi ne ma mafita. Amma a ganina bai dace da kowa ba, saboda duk shiga kasuwa dama ce ta sayen abin da ba a yi niyya ba, ga kuɗin mota, ga lokaci. Wanda zai bi wannan hanya sai ya riƙe ƙa'ida guda: na yau da na gobe kawai.

A ɗaya ɓangaren akwai masu zuwa sau ɗaya a mako biyu, saboda nisa ko yanayin aiki. Yana yiwuwa, da sharaɗin a yarda cewa makon farko da na biyu ba za su yi kama ba. Makon farko na ganye da tumatir ne. Na biyu na kabeji da karas da lemu ne, tare da abin da aka daskarar ko aka busar ko na gwangwani. Kada a raina daskararren kayan lambu. Ana daskarar da shi ne jim kaɗan bayan girbi, kuma sau da yawa ya fi ɗanyen da ya kwana bakwai a firij amfani a jiki.

Mataki na huɗu: ku sayi nuna daban-daban

Wannan ƙaramar dabara ce da ke iya rage muku fita guda a mako. Wasu 'ya'yan itatuwa suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su: ayaba, mangwaro, fiya, gwanda, tumatir. A irin waɗannan, ku sayi kaɗan nunannu na yau da gobe, sauran kuma masu ɗan tauri da za su nuna a gida ɗaya bayan ɗaya. Lemu da inabi da abarba da kankana ba haka suke ba. Zaƙin da suka baro gona da shi ba ya ƙaruwa, don haka sayen su ɗanye da fatan za su gyaru asara ce.

Ku duba kowane ɗaya kafin ya shiga jaka. Wanda ya ƙuje ko ya fashe, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga, kuma zai shafa wa maƙwabtansa. Masu nauyi a ƙasa, masu laushi a sama.

Mataki na biyar: ajiya, inda yawancin asarar ke faruwa

Mutane da dama suna ɗora wa yawan kwanaki laifi alhali wurin ajiya ne ya cuce su. Abu uku ne za a kula da su: sanyi, laima, da wanda aka ajiye kusa da wane.

Firij ya kasance a digiri 4 ko ƙasa da haka, firiza kuma a digiri 18 ƙasa da sifili. Amma ba kowane kaya ke son sanyi ba. 'Ya'yan itatuwan ƙasashe masu zafi suna jin rauni a cikinsa. Ayaba ɗanya da aka sa ƙasa da digiri 13 ɓawonta zai dushe kuma ba za ta nuna yadda ya kamata ba. Tumatir ma haka: wani bincike da masanan Jami'ar Fulorida ta Amurka suka wallafa a 2016 ya nuna cewa ajiye shi kwanaki a sanyi yana rage sinadaran da ke ba shi ƙamshi. Saboda haka a bar tumatir da mangwaro da fiya a waje, cikin inuwa, har su nuna. Bayan sun nuna sosai, idan ba za a ci yau ba, sai a sa su a firij. Raguwar ƙamshi ta fi ruɓewa sauƙi.

Laima kuma takobi ce mai kaifi biyu. Ganye yana son iska mai danshi don kada ya yi yaushi, amma ruwa a jikinsa yana jawo ruɓa. Don haka kada a wanke kaya sai za a yi amfani da su. A cire ganyen da suka lalace, a naɗe sauran a tsumma mai tsabta ko takardar goge hannu, a sa a leda ko mazubi ba tare da an toshe shi gaba ɗaya ba. Karas da ya zo da ganyensa, a yanke ganyen, don yana zuƙe ruwan saiwar. Albasa da tafarnuwa akasin haka suke so: kwando ko raga, ba leda ba. Dankalin turawa kuma a ɓoye shi daga haske, domin haske ne ke sa ya yi kore, kuma koren nan alama ce ta wani sinadari mai guba da ake kira solanin. Kada a haɗa shi da albasa a wuri ɗaya.

Na ukun shi ne wanda mutane ba su cika sani ba. Tuffa da ayaba da tumatir da fiya da mangwaro suna fitar da wata iska da ba a gani mai suna etilin, wadda ke gaggauta nuna. Latas da kabeji da kokwamba da ganye gabaɗaya ba sa jure mata: su yi rawaya, su yi tabo, karas kuma ya yi ɗaci. Idan firij ɗinku yana da aljihu biyu a ƙasa, ɗaya na 'ya'yan itatuwa, ɗaya na ganye. Iskar tana da ranarta, don idan kuna son fiya ta nuna da wuri, ku sa ta a jakar takarda tare da ayaba nunanna.

Mataki na shida: ku ci bi da bi, ku ceci na ceto

Tsarin girkin mako ya bi tsarin kashi ukun nan. Kwanakin farko bayan cefane na ganye ne, tsakiyar mako na tattasai da kokwamba, ƙarshensa na kabeji da karas. Sabon kaya ya shiga baya, tsoho ya dawo gaba inda ido zai gan shi. Kafin kowace fita a buɗe firij a duba, ko a ɗauki hotonsa da waya.

Da zarar kun ga abu ba zai kai ranar da aka tsara masa ba, ku ɗauki mataki a ranar. Ganyen da ya yi yaushi amma bai ruɓe ba yakan farfaɗo idan aka jiƙa shi a ruwan sanyi na ɗan lokaci. Ganye da koren wake da karas ana tsoma su a tafasasshen ruwa minti biyu zuwa uku, a juye su cikin ruwan sanyi, a tsane, sannan a daskarar. Tsomawar ce ke hana su canja launi da ɗanɗano. Tumatir da tattasai a markaɗa a tafasa a raba a ƙananan mazubai. Ayabar da ta nuna da yawa a ɓare ta kafin ta shiga firiza. Abin da aka yanka kuwa, kamar kankana ko abarba, kada ya wuce awa biyu a waje.

Idan hunhuna ta kama kaya mai tauri kamar kabeji ko karas, ana iya yanke wurin tare da kimanin santimita 2.5 kewaye da shi a yi amfani da sauran. Mai laushi kamar tumatir ko kokwamba kuwa a zubar da shi duka, don jijiyoyin hunhunar sun riga sun nutsa ciki inda ido ba ya gani.

Mataki na bakwai: ku sake duba tsarin idan yanayi ya canja

Tsarin da ya yi aiki lokacin sanyi zai iya gazawa lokacin zafi, sai a ƙara ƙaramin cefane guda a rage yawan abin da ake ɗaukowa a kowace fita. Haka ma idan yara suna hutu, ko baƙi sun zo, ko wani ya yi tafiya. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, a tuna cewa firij a rufe yana riƙe sanyinsa kimanin awa 4 ne kawai, firiza cikakkiya kuma kimanin awa 48, rabin cika awa 24. Gidan da wutarsa ke wuce wannan iyaka akai-akai gara ya yi lissafinsa kamar ba shi da firij: ganye na kwana ɗaya ko biyu, tumatir masu ɗan tauri, sauran kuɗin kuma a zuba su a kan kayan da ba sa neman sanyi.