Kiredit ɗin jami'a tun daga sakandare: kurakuran da iyaye ke ta maimaitawa a Amurka

Na gaji da a riƙa kirana bayan aikin gama ya gama. Duk shekara, da sakamako ya fito, sai wani ɗan'uwa ya tare ni bayan sallar Juma'a, ko wata baiwar Allah ta bugo waya hankali a tashe, kuma in ka saurara sai ka ji ramin da wancan ya faɗa bara shi ne wannan ya faɗa bana. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya tambaye ni gobe in tura masa.

Ga wanda bai san tsarin ba: a Amurka digirin farko yawanci kiredit 120 ne, kwas ɗaya kuma kiredit 3 ko 4. Ba irin kiredit ɗin WAEC ba ne, ma'aunin nauyin kwasa-kwasai ne. Yaro na iya fara tara shi tun yana sakandare ta hanyoyi biyu manya. Ta farko jarrabawa ce: AP, jarrabawar darussa masu matakin kwaleji da ake koyarwa a sakandare, wadda hukumar College Board ke gudanarwa tun 1955, ana rubuta ta a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5, ko IB mai maki 1 zuwa 7, ko CLEP. Ta biyu ita ce rajista biyu, wato yaro yana sakandare yana kuma ɗaukar kwas na gaske a wata kwaleji. Jihar Minnesota ta buɗe nata tsarin a 1985, Washington na da Running Start, Ohio na da College Credit Plus, birnin New York na da College Now. A jihohi da dama iyaye ba sa biyan kuɗin kwas ɗin. Alheri ne babba, ni ma ina kwaɗaitar da mutane su shiga. Amma kalmar "kyauta" ɗin nan ita ce ke rufe mana ido.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ɗaukar rajista biyu a matsayin gwaji, wai yaro ya shiga ya gani, in bai iya ba babu asara. Wallahi akwai asara. AP ce ke da wannan sassaucin: in yaro ya ci 2, ba dole ba ne ya tura wa kowace jami'a, asararsa kuɗin jarrabawa ne kawai, kusan dala 100. Amma kwas ɗin kwaleji, ranar da yaro ya yi rajista, ranar aka buɗe masa takardar sakamako ta kwaleji da sunansa, kuma takardar nan ba ta goguwa. Ɗan shekara 16 ya samu F, F ɗin yana nan yana jiransa ranar da ya kai 22.

A gidana na ga wannan. 'Yata ta fari tana aji 11 (a aji 12 ake gama sakandare a Amurka) na matsa mata ta ɗauki kemistare a kwalejin da ke kusa da mu a hutun bazara, irin kwas ɗin da ake matse karatun zango guda cikin 'yan makonni. Ana tsaka da shi rashin lafiyar mahaifiyata ta tsananta, muka kwashe muka tafi gida. Na ce mata ta bar shi, in mun dawo a sake. A tunanina daina zuwa aji shi ne fita. Ashe ba haka ba ne. Fita sai an cike takarda kafin ranar da suka ƙayyade, sannan a rubuta W, alamar janyewa, wadda ba ta shafar GPA, wato matsakaicin makin ɗalibi. Wanda ya daina zuwa kawai, malami zai tattara sifili-sifilinsa ya ba shi F. Ta sake kwas ɗin daga baya ta ci A, muka ɗauka magana ta ƙare. Da ta zo neman makarantar likitanci, sai ga shi AMCAS, inda ake cike takardun nema, yana ƙirga duk kwas ɗin kwalejin da mutum ya taɓa ɗauka har da na lokacin sakandare, kuma in an maimaita kwas, makin farko da na biyu duka ake lissafawa. Yarinyar da ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba ta zauna tana rubuta bayanin F ɗin da ubanta ya jawo mata. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take yi.

Ba a likitanci kaɗai abin ke cizo ba. Masu neman makarantar lauya ma haka LSAC, hukumar da ke tattara takardun nemansu, ke haɗa musu lissafi. Tallafin karatu na gwamnatin tarayya kuma yana da sharaɗin ci gaba: a yawancin kwalejoji GPA kada ya gaza 2.0, ɗalibi ya ci aƙalla kashi 67 cikin ɗari na kiredit ɗin da ya yi rajista, kuma kada ya wuce kashi 150 cikin ɗari na tsawon digirin, wato kiredit 180 a digiri mai 120. A wannan lissafin har W ana ƙirga shi a matsayin kwas da aka ɗauka ba a gama ba. Yaron da ya ɗauki kwas huɗu a sakandare ya faɗi biyu na iya shiga wannan kwalejin a shekararsa ta farko da gargaɗi rataye a wuyansa. A Ohio kuwa, in yaro ya faɗi ko ya janye a makare, hukumar makarantun yankin na da ikon neman iyaye su biya kuɗin kwas ɗin, sai dai in an tabbatar masu ƙaramin ƙarfi ne.

Abin da nake yi yanzu da ƙannenta da duk yaron da aka kawo mini: kwas ɗaya tak a zangon farko, ko yaro ya yi kuka. Ba na bari a fara da kimiyyar da yake son ya karanta nan gaba; a fara da rubutun Turanci ko tarihi, ya koyi halin malaman kwaleji tukuna, domin su ba sa bin ɗalibi da tuni, ba sa kiran iyaye. Ranar ƙarshe ta janyewa ina rubuta ta da babban baƙi in manna a jikin firij, mako guda kafin ta zo mu zauna mu duba maki. In ya yi ƙasa da C, a janye, ba jayayya. Kwas ɗin bazara kuwa na haramta shi a duk shekarar da ake shirin zuwa Kano, Kumasi ko Yamai. Wasu masu ba ɗalibai shawara na cewa na cika tsauri, yaro mai ƙoƙari zai iya biyu ko uku. Su ba su biya abin da na biya ba.

Kuma ku sani, akwai dokar FERPA ta 1974: da zarar yaro ya zama ɗalibin kwaleji, haƙƙin ganin bayanansa a can ya koma hannunsa, ko shekarunsa nawa. Ka je ofis kana faɗa cewa kai ne ubansa, ba zai amfane ka ba. Ranar rajista a sa yaro ya sa hannu a takardar izini.

Kuskure na biyu, wanda nake so in yi wa iyaye faɗa a kai sosai, shi ne tara kiredit don a faɗa a taro. "Ɗana ya gama sakandare da kiredit 45." Masha Allah. To wace jami'a ce ta ce za ta karɓa? Nan sai a yi shiru. Kiredit kamar sefa ce a aljihun mai shiga kasuwar Kurmi: mai karɓa ne ke faɗin darajarta, ba wanda ya ba ka ba. Kwalejin da ta koyar da kwas ba ta da ikon tilasta wa wata jami'a ta karɓa. Ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya fitar da rahoto a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya kwaleji tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Waɗannan manyan ɗalibai ne ma, ba yaran sakandare ba.

Jami'o'in gwamnati na cikin jiha su ne suka fi karɓa, domin galibi akwai yarjejeniya tsakaninsu da kwalejojin shekara biyu na jihar. Texas ma doka ta yi a 2015 cewa jami'o'inta na gwamnati su ba da kiredit a kan makin AP 3, sai in sun kawo hujjar neman fiye da haka. Amma da ka tsallaka jiha, ko ka nufi manyan jami'o'i masu zaman kansu, labari ya sauya. Wasu sai 4 ko 5. Dartmouth ta sanar a 2013 cewa ta daina ƙirga AP cikin kiredit ɗin kammala digiri. Wasu kuma ba sa karɓar kwas ɗin da aka koyar a ginin sakandare, ko wanda aka riga aka ƙirga cikin sharuɗɗan kammala sakandare. Akwai kuma wata asarar da ba a gani da wuri: jami'a ta ce ta karɓi duka 45, kowa ya yi murna, ashe ta zuba su ne a kwandon kwasa-kwasan zaɓi. Digirin injiniya gurbin zaɓinsa kaɗan ne, saboda haka yaro zai yi shekara huɗunsa cif, kiredit ɗin na kwance a takarda ba su rage masa ko zango ɗaya ba.

Wani yaro ɗan maƙwabcinmu haka ya yi shekara biyu bai san hutu ba, ya bar ƙwallo, ya bar Islamiyyar Asabar, ya rame, duk don mahaifinsa na son ya gama sakandare da difilomar shekara biyu a hannu. Jami'ar da ta ba shi tallafi mafi tsoka ta karɓi kwasa-kwasai kaɗan, sauran ta ajiye su gefe. Da na ce wa uban, Alhaji, ai da ka tambaya tun farko, sai ya ce bai san ana tambaya ba. Ana tambaya! Kusan kowace jami'a tana da jadawali a shafinta na intanet: makin AP kaza daidai yake da kwas kaza, kwas kaza na kwaleji kaza daidai yake da namu kaza. Tun yaro yana aji 10 nake sa shi ya rubuto jami'o'i uku da yake hari, ɗaya daga ciki dole ta zama ta gwamnatin jiharmu, mu buɗe jadawalin kowacce. Kwas ɗin da bai fito a biyu daga cikin ukun ba, ba ma ɗauka. In akwai shakka, yaron da kansa ya rubuta wa ofishin rajistara imel, a ajiye amsar. Maganar baki a waya ba ta zama hujja. Jihar Georgia ma ta ƙayyade kiredit 30 kacal za ta riƙa biya tun 2020, don haka a can duk kwas ɗin banza da aka ɗauka ya ci gurbin mai amfani.

A nan ina da ra'ayin da na san ba kowa ya yarda da shi ba. Yaron da zai karanta injiniya ko likitanci, in ya ci 3 a lissafin kalkulas ko kemistare na AP, ko jami'a ta ce ya tsallake kwas ɗin farko, ni cewa nake ya zauna ya sake shi. Maki 3 na nufin ya haye da ƙyar. A ɗora masa kashi na biyu a zangonsa na farko, ga baƙunta ga kewar gida, sauri ne zai haifi nawa. Wasu makarantun likitanci ma ba sa karɓar AP a madadin kwasa-kwasan da suka wajabta.

Sauran ƙanana ne, amma su ma suna ɓata rai. Shiga ajin AP ba ya ba da kiredit, jarrabawar ce ke bayarwa, kuma rajistarta tun kaka ake rufewa, wajen Nuwamba. Wanda ya makara ya biya tara. Mai ƙaramin ƙarfi ya tambayi makaranta ragin kuɗi, akwai shi, kunya ba ta da amfani a nan. Sakamako ba ya kai kansa jami'a, sai an tura, na AP daban na kwaleji daban. In jarrabawa ta faɗo ranar Sallah, kamar yadda ta faru a 2022, akwai ranar rama wa masu uzurin addini, amma sai an sanar da makaranta da wuri. Manhajar kowane kwas a adana ta, domin wata jami'ar sai ta ga abin da aka koyar kafin ta yanke hukunci. Kada a ɓoye kwas ɗin da aka faɗi lokacin neman jami'a. Suna da hanyar ganowa, kuma ɓoyewar ta fi F ɗin muni. Bayan an gama sakandare kuma, a yi hattara da ɗaukar kwas a kwaleji "kafin a ga abin da hali zai yi": a jami'o'i da yawa wannan na mayar da yaro ɗalibi mai sauya makaranta, ya rasa tallafin da aka ware wa sababbin shiga.

'Yan'uwanmu na Nijar, Chadi da Kamaru su ne suka fi ba ni haushi a wani ɓangare. Yaro ya zo da Faransanci a bakinsa, ya yi firamare da shi, amma a bar shi yana zaune a ajin koyon Sifaniyanci na 'yan farko. AP tana da jarrabawar Faransanci, kuma ana iya rubuta ta ba tare da an shiga ajin ba in an samu makarantar da za ta yi wa yaro rajista. CLEP ma tana da ita, maki daga 20 zuwa 80, kwalejoji da yawa na ba da kiredit daga 50. Sai dai a sa shi ya yi bitar nahawu da rubutu, don Faransancin hira a gida bai isa ba.

Masu niyyar mayar da yaro Najeriya ya yi jami'a kuma, kada su ɗauka abin da ya tara a nan zai kai shi aji biyu kai tsaye. Ƙofar can ta JAMB ce, kuma takardun da aka saba shiga da su su ne IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, JUPEB, A-Level ta Cambridge, NCE da difiloma. A rubuta wa jami'ar da ake so a ji ta bakinta tun yaron bai shiga aji 11 ba.