Kafin ka biya kuɗin tsohuwar motar soja a Legas, ka fara kwanciya ƙarƙashinta

Jama'a wannan magana ta daɗe tana cina. Kusan duk sati sai wani daga gida ya kira ni wai dillali ya turo mai hoton motar soja a WhatsApp, in duba in ce ya saya ko kar ya saya. Ɗan uwa ba a sayen gingimari a hoto wallahi. Tsofaffin nan da ke shigowa ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da yawansu kamar an tsaga kara, fuska ɗaya fenti ɗaya, bambancin yana ƙasa inda ba ka gani sai ka ɓata rigarka.

Mu fara da Marsandi mai gajeren hanci wadda kowa ya sani da 911, irin wadda aka yi ta ƙera molue, manyan bas ɗin haya na Legas, da ita a garin nan. Lambar ba ado ba ce. 9 ɗin tan tara ne nauyinta gaba ɗaya, ita da kayanta, ba wai kayan tan tara za ta ɗauka ba, 11 ɗin kuma ƙarfin inji ne wajen doki 110. To ka ga 1113 ta zama tan 11 da doki 130. Amma harafin da ke gaban lambar ya fi komai muhimmanci: L tayoyin baya kaɗai ke ja, LA gaba da baya duka suna ja, wato mai ogzilari, in ka ga LAK tifa ce, LAF kuma asalinta ta 'yan kwana-kwana ce. Kar ka yarda da lambar da aka manna a jikin bodi, wannan ko yaron makanike zai cire ya sa wata cikin minti biyar. Nemi ɗan farantin ƙarfen nan na kamfani da ke cikin kan motar, sannan ka kankare lambar da aka buga a jikin shasi ka haɗa su da ta takardar kwastam, in ɗaya ta saɓa ka sa takalminka.

Sai ka kwanta. Aksul ɗin gaba na mai ogzilari yana da tulu a tsakiya kamar na baya, kuma akwai farfela da ta taho daga ƙaramin giyabos na biyu ta shiga cikinsa. In sanda ce kawai miƙaƙƙiya babu tulu, to L ce ko dillali ya rantse da me. Wani abokina mai ɗauko katako daga dajin Ondo ya ga tulun ya ji daɗi ya biya, ashe an cire farfelar gaba tun tuni, ramukan noti huɗun nan duk sun yi tsatsa har da yanar gizo-gizo, damina na sauka ta kafe mai a laka kwana biyu, da aka buɗe tulun haƙoran ciki duk sun ƙare. Shi ya sa nake cewa a sa ogzilarin a gabanka a ja ta a kan yashi ka gani da idonka.

Injin waɗannan Marsandin yawanci OM352 ne mai silinda shida, in da A a ƙarshe mai tobo ne, shi ne a cikin 1017 mai shafaffiyar fuska ta sojan Jamus. Ni dai in don aiki ne wajen Marsandi na fi karkata, saboda kayansa in ka shiga kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ba za ka fito hannu rabbana ba.

MAN ta soja, KAT1, a nan mutane ke cin ƙasa. Bambanta su da sauƙi, ƙirga aksul: biyu tana ɗaukar kayan tan 5, uku tan 7, huɗu tan 10. Matsalar ita ce sunan MAN ne a goshi amma injin Deutz ne V8 a bayan kai, mai sanyaya kansa da iska, babu lagireto babu ruwa. Haka Magirus da Iveco na soja da yawa. Inji ne mai ƙarko amma in ƙura da baƙin mai suka toshe tsakanin haƙarƙarin silinda ga kuma goslo ɗin Mile 2, zai dafa kansa. Tambayi makanikenka tukuna ko ya taɓa buɗe irinsa, in ya fara sosa ƙeya ka gane.

Bedford ta Ingila, MK da MJ, kai ɗaya ne, MK ce ta fara zuwa da inji mai shan mai iri-iri, MJ ta biyo da na gas zalla. Amma kafin ma inji duba sitiyari. Tun 1972 muka koma bin dama, mota mai sitiyari a dama ba ta halatta a titinmu ba, wadda aka juya mata sitiyari kuwa a bi walda da hanyar birki a duba da kyau.

Na Amurka kuma ƙirga notin taya, shida mai ɗaukar kayan tan biyu da rabi ce wato M35, goma tan 5 ce. M35A2 giyar hannu ce da tayoyi bibbiyu a baya, M35A3 injin Caterpillar da otomatik, taya ɗai-ɗai. Kusoshinsu na inci ne, sifanar makaniken unguwa ba za ta zauna daidai ba, kayan gyara kuma sai an yi oda.

Kusan dukkansu wutar volt 24 ce, batir aƙalla biyu, ka sa a lissafi, da kuɗin fenti, don doka ta hana farar hula yawo da mota mai koren soja kuma ba na so a sauke ka a shingen farko.

Ranar zuwa ka yi sammako kafin su tayar da ita, ɗora hannu a kan inji ka ji yana da sanyi, sannan ka ce a murza. Ka taho da tocila, buroshin waya da kwalin da za ka kwanta a kai, don filayen nan na dillalan mota na wajen Berger in an yi ruwa da dare duk caɓi ne.