Kurakuran da aka fi yi wajen karanta tsohuwar taswirar tudu da daji

A Aboabo, nan Kumasi, wani dillalin shanu ya shimfiɗa mini taswirar ƙasar Kwahu ta zamanin da ake kiran Ghana Gold Coast a kan tabarma. Ya ɗora yatsa bisa wani siririn layi ya ce, "Malam, ga burtalin da kakanmu ke koro shanu ta kansa." Na leƙa gindin takardar na ga shekarar bugu, na ce, "Alhaji, burtalin nan yau sai da kwalekwale."

Kuskuren da ya fi yawa ke nan, rashin duba shekara. A 1965 aka kammala madatsar Akosombo, tafkin Volta ya shanye kwarin kogin Afram, a duk faɗin yankin tafkin kuma mutum kusan 80,000 suka bar garuruwansu. Duk taswirar da ta girmi madatsar, fili za ta nuna maka inda ruwa yake kwance yanzu. Haka koren da aka shafa da sunan kurmi: wani ya zama gonar koko, wani 'yan galamsey, masu haƙar zinariya ba da izini ba, sun farke shi. Gefen takarda za ka fara karantawa, ka nemi shekarar da aka yi awon, domin takan riga shekarar bugu da nisa.

Sai awon tsawo. Da ma'aunin ƙafa Turawa suka rubuta shi, mutane kuwa su ɗauka mita ne. Ka ga 2,000 wajen Abetifi, kada ka ce tudun ya kai kilomita 2. Raba lambar gida uku ka rage kaɗan, mita 600 da 'yan kai ne.

Layukan nan masu ruwan ƙasa da ke zagaye tudu, na sha ganin ana bin su da yatsa wai hanya ce. Tsawo suke nunawa. Inda suka cushe, kamar bayan Nkawkaw, gangara ce mai tsini, saniya ba ta hawa. Inda suka ware, nan ake neman mahayi.

Rafi kuma, shuɗin layi ba ya nufin akwai ruwa da rani. Wannan kam, makiyayi za ka tambaya.

Matasa su ma suna da nasu: su kwafi lambobin taswira su zuba a waya, su tarar sun sauka a gonar wani. Ma'aunin da aka yi tsohon awon Ghana da shi daban yake da na GPS, tazarar takan kai ɗaruruwan mita. Nemi abin da bai gusa ba, mahaɗar koguna ko ƙololuwar dutse, ka gwada shi a takarda da waya, sannan ka gyara sauran da wannan tazarar.